Yadda ake shuka kajiji a baho a tsakar gida

Ni dai sana'ata turaren wuta da humra, kuma duk mai wannan harkar ta san kajiji ba abin da ake wasa da shi ba ne, in babu shi a haɗi to ƙamshin nan mai nauyi da ke kama labule da zannuwan gado ba za ki same shi ba ko kin zuba turare na dubu nawa. Shekara da shekaru sai dai in saya a kasuwa a busasshensa, ban taɓa ganin itacen ba, wallahi har ga Allah ni ɗauka na saiwar wata bishiya ce. Sai da Gwaggona ta zo daga ƙauye ta iske ina daka shi, ta ce ke 'yar nan wannan abin da kike ba kuɗi ai ciyawar bakin ruwa ce, ɗan uwan aya ne. Na ce Gwaggo aya kuma? Ta ce ƙwarai kuwa, ki samu mai rai ki dasa ki gani. Yau shekara ta uku ke nan yana nan a tsakar gidanmu nan cikin Katsina, a baho, to bari in faɗi yadda na yi har da inda na yi ɓarna.

Da farko ki san abin da kike nema. Kajijin da nake magana shi ne wanda masana tsirrai ke kira Cyperus articulatus, danginsu ɗaya da aya da aya-aya, wannan shegiyar ciyawar da ke hana masu lambu barci. Amma shi kamanninsa daban. Ba shi da ganye irin na ciyawa, kara ne kawai ke fitowa daga ƙasa, kore shar, mulmulalle kamar ganyen albasa sai dai ya fi shi ƙwari, yana kai mita ɗaya har ya wuce in ya samu wuri. In kika kama karan kika ja yatsunki a kai za ki ji gaɓa-gaɓa a ciki, in ya bushe ma har gani ake yi. A can sama yake fitar da ɗan fure ruwan ƙasa-ƙasa. Ita kuwa aya-aya karanta kusurwa uku gare shi kuma tana da ganye daga gindi, to in aka kawo miki mai ganye ki ce an gode. Babban gwaji dai hanci ne, ki karya saiwar ki shinshina, in ƙamshin bai bugo ki nan take ba to ba shi ba ne. Na faɗi haka ne don sunan kajiji ba ciyawa ɗaya ake kira da shi ba, akwai wasu 'yan uwansa masu ƙamshi da su ma ake sayarwa da wannan sunan.

Kuma ba mu kaɗai muka san shi ba fa. Can Barazil a jihar Para suna ce mishi priprioca, noma shi suke yi sosai don kamfanonin turare su saya. Mu nan muna zaune muna jiran ya fito da kanshi a fadama.

Samun iri, nan ne wahalar take

Kar ki ɓata lokacinki da na kasuwa. Na jiƙa shi, na binne shi, na yi ta ba shi ruwa wajen wata guda, ƙarshe ruɓewa ya yi yana tsami. Wanda ya sha rana ya bushe ƙamas ya kwana biyu a buhu da wuya ya tsiro. Mai rai ake so, wanda aka tono da ƙasarsa jiya ko yau. Ni maigida ne ya yi wa wani mai noman rani magana, can wajen dam ɗin Ajiwa, ya kawo mana dunƙule guda a buhun siminti da aka jiƙa. Masu lambu da masunta da masu yankan ciyawa su ne mutanen da za a tambaya, kuma tsofaffin cikinsu sun fi sani.

In ke ko wani naki zai je tonowa da kanshi, don Allah a sa dogon takalmin roba da safar hannu, kar a tsunduma ƙafa haka nan a kwantaccen ruwa. Tsargiya daga irin ruwan nan ake ɗaukarta, ƙananan katantanwa ne ke riƙe ƙwayar cutar, ta fata take shiga, ga matsattsaku kuma. In an iso gida a wanke saiwar tas a bokiti, a duba a cire duk wata katantanwa da ƙwanta da ke manne, ruwan wankin a zubar can gindin bishiya inda rana za ta busar da shi. Kar yara su yi wasa da shi.

Lokacin dasawa kuwa ni na fi son watan Yuni in damina ta zauna. Ana iya yi ƙarshen Fabrairu da hunturu ya ja baya, amma ki sani za ki shiga da jaririn dashe cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40 kuma 'yan ga-ruwa ke jan aji.

Mazubi

Abu biyu kike buƙata, babba da ƙarami. Babban shi ne mai riƙe ruwa, ƙaramin shi ne mai riƙe ƙasa da kajijin, sai a zaunar da ƙaramin cikin babban. Wannan dabarar ita ce gaba ɗaya sirrin abin, don da farko ni cika bahon na yi da laka na dasa kai tsaye, da sauro ya taso min ba yadda zan yi in canza ruwa sai dai in kwashe komai.

Babban: bahon roba mai kauri, ko rabin duro na roba irin shuɗin nan mai lita 200 da aka raba biyu. Faɗin baki wajen santimita 60, zurfi 35 zuwa 45 ya isa. Ki tambaya mi aka taɓa zubawa a duron, in maganin feshi ne ko wani sinadari ki bar musu kayansu. Na ƙarfe kuma tsatsa yake yi, ga shi da rana ruwan har ya so ya dafa saiwar. Ko robar ma in baƙa ce tana ɗaukar zafi, shi ya sa na sa yara suka haƙa rami muka binne rabinta a ƙasa, in tsakar gidanki siminti ne ki naɗe jikin bahon da buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Wadda ke da hali ta sa magini ya yi mata ɗan kwarmi na bulo da siminti, yana da kyau sosai a ido, sai dai sabon siminti yana sakin wani abu kamar farar ƙasa a ruwa mai ƙona saiwa, a cika shi a zubar a sake cikawa na kamar sati biyu kafin a sa komai.

Ƙaramin: tsohon bokitin fenti da aka wanke, ko duk wani bokiti mai lita 10 zuwa 15. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin da gefe-gefe, huda goma sha wani abu. Ki shimfiɗa yankin buhu a ciki don kar ƙasa ta riƙa zurarewa.

Inda za a aje shi ya samu rana aƙalla awa shida, ta safe zuwa azahar ta fi, in inuwar katanga za ta rufe shi bayan azahar to madalla. Kar dai a sa ƙarƙashin darbejiya, ganye zai yi ta zuba yana ruɓewa a ruwan.

Ƙasa

Laka yake so, ƙasar fadama mai danƙo, ba jigawar nan tamu mai rairayi ba. In ba ki samu ta fadama ba ki nemi irin jar ƙasar da ake gini da ita ki haɗa da ƙasar lambu rabi da rabi. Awo na shi ne kwano uku na laka, kwano ɗaya na tsohon taki, wanda ya shekara ya zama kamar ƙasa ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu kar ki kuskura, na gwada, cikin kwana uku ruwan ya koma kore yana kumfa, maigida ya ce ko dai bahon ya fita ko ni. Haka ƙasar leda da masu sayar da fulawa ke haɗawa da dusar katako ko ɓuntun shinkafa, tasowa take yi saman ruwa.

Ki kwaɓa da ruwa kamar za a yi yaɓe, ki cika bokitin ki bar kamar yatsu huɗu daga baki.

Dasawa

Ki ɗauki dunƙulen nan ki duba saiwar da kyau, za ki ga tana tafiya a kwance da 'yan ƙulli-ƙulli, a jikin kowane ƙulli kara ke fita. Da wuƙa mai kaifi ki yanka gunduwa-gunduwa kamar tsawon yatsa, kowace ta zama da ƙulli biyu ko uku, in da ɗan farin tsiro mai tsini a jiki to wannan ita ce ta gaske. Duk wadda ta yi laushi ko baƙi a ciki ki ware ta. Dogayen karan ki datse su ki bar kamar taƙi ɗaya, na san da ciwo amma in kika bar su iska ce za ta yi ta kaɗa su saiwar ta kasa kamawa.

Gunduwa uku ko huɗu sun isa bokiti guda. A kwance ake sa su, zurfin santimita 3 zuwa 5, tsiron na kallon sama, ki danna ƙasar da tafin hannu. Sai ki bi sama da tsakuwa ko yashi mai gwari kaurin yatsu biyu, shi ke hana laka dagula ruwa, kuma kaji in sun leƙo ba su samun abin tona.

Yanzu ki saka bokitin cikin bahon, ki zuba ruwa a bahon ba a bokitin ba. To a nan mutane ke kuskure, jin an ce ciyawar ruwa ce sai a nutsar da ita gaba ɗaya ranar farko. A'a. Sati biyun farko ruwan ya tsaya rabin bokitin, ƙasar za ta riƙa sha ta hudojin nan ta zauna jagab, shi ke nan. Nawa kwana tara na fara ganin sabbin tsiro kamar allura, wasu sai da suka yi sati uku. In sabbin karan sun kai taƙi guda sai ki ƙara ruwa ya haura saman tsakuwar da santimita 5, iyaka 10. Ƙafarsa a ruwa, kansa a rana, haka Gwaggo ta ce min. In bahon ya yi zurfi da yawa ki sa bulo a ƙarƙashin bokitin. Ki ɗora dutse biyu masu nauyi a kai kuma, don iskar hadarin farkon damina ta taɓa kifar min da shi cikin dare.

Ruwa da lissafinsa

Baho mai faɗin santimita 60, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka wajen lita uku ke nan ya tafi. Da bazara nawa yana sauka santimita ɗaya zuwa biyu a yini in kajijin ya cika, ki ce jarka ɗaya mai lita 25 duk kwana biyar ko shida, ba wani abin tashin hankali ba ne. Ni ma ba saye nake ba, baho na aje inda ake alwala, ruwan da ya taru shi nake juyewa. Ruwan wankin shinkafa ko ganye ma ya yi. Na wanki da na wanke-wanke mai omo ko sabulu ne ba a sawa. Na famfo in yana warin kulorin ki bar shi ya kwana a buɗe. In kina da maƙwabci mai kiwon tarwada kuwa kin huta, ruwan da yake zubarwa in zai canza taki ne da kanshi, sai dai a sirka shi da mai kyau.

Masu ruwan bohol ku lura, in kullum ƙari kawai ake yi ba a zubarwa, ruwa na tafiya gishirin cikinsa na zama, za ki ga fari-fari a bakin baho kamar kanwa, bakin karan ya fara ƙonewa. Maganinsa zubarwa gaba ɗaya, wanda dama dole ki yi saboda maganar da ke tafe.

Sauro

Ba zan ɓoye miki ba, duk wanda ya aje kwantaccen ruwa a gida a garin nan ya buɗe wa sauro ɗakin haihuwa, kuma zazzaɓin cizon sauro ba abin da za a saya da kuɗin turare ba ne. Da zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sati ɗaya ne zuwa kwana goma. Don haka duk kwana biyar, in ya daɗe shida, ki ciro bokitin ki aje gefe, ki juye ruwan bahon a gindin bishiya ko kan busasshiyar ƙasa, ki goge cikin bahon da soso ba sabulu, don akwai saurayen da a jikin bango suke manna ƙwansu, ki tsiyaye ruwan saman bokitin shi ma, sannan ki mai da komai ki zuba sabo. Minti goma ne. Ni na haɗa shi da ranakun da ba na mantawa, Juma'a da Talata, na gwammace in yi da wuri. In kin leƙa kin ga 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil suna nutsewa in inuwarki ta faɗa, to kar ki jira ranar.

Kananzir ko baƙin mai da wasu ke ɗigawa a kwata, kar ki sa a nan, zai kashe shukar kuma ƙamshin saiwar ya tashi aiki. Mai babban kwarmi na siminti ta zuba 'yan ƙananan karfasa, suna cinye tsutsar. Tarwada kam a'a, dagula ruwa take yi. Akwai kuma wani magani Bti da ke kashe tsutsar sauro ba ya taɓa kifi ko shuka, in an samu.

Wadda kuma take da masu rarrafe a gida, ko ta san ba za ta iya wannan zirga-zirgar ba, ga hanya mafi sauƙi: bayan kin sa bokitin a baho, ki cike ratar da ke tsakaninsu da tsakuwa har sama, ruwan ya tsaya yatsu biyu ƙasa da saman tsakuwar. Ba ruwan da ke a fili, sauro bai da wurin sauka, kajiji kuma bai san an yi ba, don laka jagab ta ishe shi. Kyan gani ne kawai ya ragu. In kuwa lallai ruwa a fili kike so, ki sa mai walda ya yi miki murfin raga mai ƙarfi da rami a tsakiya inda karan zai fito. Yaro ƙarami ruwan da bai kai taƙi ba yana iya halaka shi, kuma ba a jin motsi. Wannan ragar dai ita ke raba ki da awaki ma, in an zagaya da ita.

Taki da gyara

Bayan wata biyu da dasawa, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15, ki ƙulle a 'yar takarda ki tura da yatsa can cikin lakar ki toshe ramin. Kar a barbaɗa a ruwa, gansakuka kike ciyarwa. Duk sati shida haka, amma daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu ki dakata, da hunturu tsayawa yake yi, bakin karan ya bushe, ƙura ta lulluɓe shi ya yi wani furu-furu kamar ya mutu. Bai mutu ba. Ki yanke busassun daga gindi da almakashi, ki watsa mishi ruwa da yamma ya wanke ƙurar, zafi na dawowa zai farfaɗo.

Masu son kwalliya

In don ado kike yi akwai 'yan uwansa biyu da suka fi shi ɗaukar ido, kuma duk bayanin nan na sama ya hau kansu. Ɗaya mai kamar lema, masu fulawa na sayar da shi, shi har ya fi sauƙi, ki yanko kan da ɗan kara, ki rage tsawon ganyen, ki kifa shi a kofin ruwa kai ƙasa, sai ki ga saiwa da sabon tsiro sun fito daga tsakiyar lemar. Ɗayan fafirus, wanda mutanen Masar na da can suka riƙa yin takarda da shi. Akwai shi a Tafkin Chadi, Buduma, mutanen da ke zaune a tafkin, har jirgin ruwa suka riƙa ɗaurawa da shi, a 1969 ma wani Bature ɗan Nowe, Thor Heyerdahl, daga can ya ɗauko maginan da suka haɗa mishi jirgin da ya gwada ƙetare tekun Atlantika da shi. Sai dai fafirus ƙato ne, yana wuce mita uku, baho ɗaya ya yi mishi kaɗan kuma shan ruwansa ba na mai sayen jarka ba ne.

Bado yana kyau kusa da kajiji in wurin na da faɗi da zurfi. Kainuwa kuwa, dashen Allah, ni na cire ta, cikin sati biyu take rufe ruwa, kuma akwai irin sauron da tsutsarsa a jikin saiwarta take maƙalewa. Kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan mai toshe rafi, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa, ki tambayi mutanen Hadeja da Nguru abin da ta yi wa hanyoyin ruwansu.

Tono da shanya

Kar ki yi gaggawa. Na tona a wata biyar don zumuɗi, saiwar duk ruwa ce, da ta bushe ta tsotse ba ƙamshin kirki. Wanda na bari ya kusa shekara shi ne ya yi. Alamar ita ce bokitin ya cika taf har yana kumbura, saiwa na leƙowa ta hudoji. In kin dasa a Yuni to wajen Afrilu ko Mayu, ga shi lokacin shanya ba ta wuya.

Ki ciro bokitin ki bar shi kwana uku ba ruwa ƙasar ta ɗan sha iska, ki kwantar ki bubbuga ya fito a dunƙule, wani lokacin sai an tsaga bokitin. Ki ware kashi ɗaya cikin huɗu, na gefe-gefe masu fararen tsiro, ki mai da su sabuwar laka a ranar kar su kwana a waje. Sauran ki yanke karan, ki wanke a ruwa uku, ki tsige siraran gashin da ke jiki, masu kauri ki tsaga biyu. A inuwa ake shanyawa inda iska ke ratsawa, kan faifai ko tabarma, ana juyawa, rana tsaka tana kwashe ƙamshin. In kika karya ya ce ƙas to ya yi, nawa kwana goma zuwa sati biyu yake ɗauka. Ki zuba a kwalba mai murfi yadda yake, sai ranar haɗi ki daka iya wanda kike buƙata, don garin ba ya riƙe ƙamshi kamar gudan.

Na san ana sha a gargajiyance don ciwon ciki da sauransu, ni dai nawa na ƙonawa ne, kuma mai ciki kar ta sha ko an ce mata magani ne sai ta ji daga likita.

Bokiti ɗaya ba zai riƙe miki sana'a ba, abin da na samu bara daga guda bai fi cikin gwangwanin madara uku ba bayan ya bushe, shi ya sa bana na mai da su biyar a jere bayan ɗakin girki. Karan da na yanke ma Gwaggo ta ce kar in zubar, in shanya in ɗaure mata, wai ana saƙa tabarma da shi, yana nan rataye a zaure sai ta zo.